Tek ko Jami'ar Katolika ta Fiapre: Wace Ce Ta Dace da Ɗan Zangon Kumasi?

Idan sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, gidajen Aboabo, Asawase, Sawaba da Yalwa kan rabu kashi biyu. Akwai waɗanda yaronsu ya ci da kyau, Tek, babbar jami'ar gwamnati ta Kumasi, ta ba shi fannin da ya nema, su sai dai a je musu barka. Akwai kuma waɗanda yaronsu ya ci, amma bai kai yadda Tek take so ba: yarinya ta nemi aikin jinya an tura ta wani fannin da ko sunansa ba ta taɓa ji ba, ko kuma yaro ya duba har ya gaji sunansa bai fito ba. A irin wannan gida ne wani kawu zai ambaci jami'ar 'yan Roman da ke Fiapre kusa da Sunyani, kaka ta ce a'uzu billahi, a rufe zancen. Ni ina ganin ana saurin rufe shi, kuma yara da dama sun zauna gida shekara biyu ko uku saboda wannan saurin.

Tek, wato KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, ta fara a 1952 a matsayin kwalejin fasaha, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, yau kuma ɗalibanta sun haura 80,000. Gari ce guda a cikin Kumasi, da motocinta, da asibitinta, da bankunanta. Ita kuwa ta Fiapre mallakar majalisar bishop-bishop ɗin Katolika ta Gana ce. Ta fara koyarwa a 2003, ta yi shekaru tana ƙarƙashin inuwar Jami'ar Gana ta Legon, sai a 2022 Shugaba Akufo-Addo ya ba ta takardar cin gashin kai tare da ta Methodist da ta Presbyterian. Tun daga nan, da sunanta take ba da digiri. Akwai kuma wata ƙaramar ta Katolika a Ejisu, Spiritan, wadda ta samo asali daga koyar da falsafa ga masu shirin zama fada. Tana kusa da gida, amma fannoninta kaɗan ne, don haka Fiapre zan fi auna wa da Tek.

Fanni ne ya kamata ya fara yanke hukunci. Yaron da yake son injiniya, likita, haɗa magunguna ko zanen gine-gine, kuma Tek ta ba shi, babu wata muhawara, ya ɗauki jakarsa. Ƙaramar jami'a ba ta da ɗakunan gwaji da injinan da waɗannan fannoni suke ci, kuma ɗaliban likitancin Tek a asibitin Komfo Anokye suke koyon aiki. Abin da Fiapre take koyarwa ya fi karkata ga kasuwanci da akanta, kwamfuta, aikin jinya da lafiyar al'umma, koyarwa, da nazarin addinai. Mafi ƙarancin abin shiga iri ɗaya ne a ko'ina: darasi shida, uku na dole uku na zaɓi, kowanne da maki daga A1 zuwa C6. Inda aka bambanta shi ne cunkoso. A Tek dubbai ne suke kokawa kan gurbi kaɗan, sai a yanke layi tun daga sama, yarinyar da ta cika sharaɗi tsaf ta tsinci kanta a waje. A Fiapre wannan yarinyar tana iya samun ainihin abin da ta nema.

Game da darajar takarda kuwa, sunan Tek yana da nauyi a ofis, kuma tsofaffin ɗalibanta sun cika ma'aikatu suna jan na baya. Wannan gaskiya ce, kada wani ya ce maka duk ɗaya ne. Sai dai a wasu ayyukan ba sunan jami'a ake fara dubawa ba. Mai karatun jinya, ko daga ina ta fito, jarrabawar lasisi ɗaya za ta zauna a ƙarƙashin hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma. Mai akanta jarrabawar ƙwararru ce take ɗaga shi. Bautar ƙasa ta shekara guda kuma tana kan kowa. Abin da ya wajaba kafin a sayi fom shi ne a tabbatar hukumar GTEC, mai kula da manyan makarantu, ta amince da wannan fannin kansa a wannan jami'ar, domin amincewar fanni-fanni ake bayarwa, kuma tana da wa'adi.

A cikin aji ne bambancin ya fi fitowa fili. Ɗauki yaron da yake zuwa Tek daga Aboabo. Ya yi asuba, ya sha koko a tsaye, ya shiga trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa mahaɗar Tek, ya bi layin motar cikin makaranta. Kafin ya isa zauren darasi kujeru sun cika, wasu an ajiye musu littafi an kama wuri. Sai ya tsaya a bakin taga, littafi a kan tafin hannu, malami can gaba da lasifika, abin da aka rubuta a allo kuma sai ya ɗauka da waya ya zuƙo kafin ya karanta. Malamin bai san sunansa ba, lambarsa ce take kan takarda. In ya daina zuwa wata guda, babu wanda zai tambaya. Darussan shekarar farko da fannoni da yawa suke haɗuwa a kansu haka suke, ko da yake ajin yana raguwa in aka yi gaba.

Akwai yaron da wannan yake gyara shi. Mai kaifin ido, wanda ya saba da cunkoson kasuwar Kejetia, ya iya kutsawa, zai nemo tsofaffin tambayoyi, ya shiga rukunin karatu, ya san ofishin da ake bi. Irinsa Tek tana ƙara masa wayo da jama'a, ya fita da abokai daga kowane lungu na ƙasar. Amma yawancin yaranmu ba haka suke ba, kuma ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Sun taso da Hausa a gida, Twi a titi, Larabci a makaranta da yamma da ƙarshen mako, Turanci ya zo na uku ko na huɗu. An kuma rene su kan cewa yaro ba ya ɗaga murya a gaban babba. Yarinyar da ta haddace izu talatin tana iya zama shekara huɗu a zauren mutum ɗari biyar ba ta taɓa ɗaga hannu ba. A ajin da bai wuce a ƙirga shi da ido ba, malami zai kira sunanta ko ta so ko ba ta so, zai sa ta tsaya gaban allo ta yi bayani, zai lura ranar da ba ta zo ba. A ganina wannan shi ne babban abin da ake saya da kuɗin ƙaramar jami'a, kuma ga wasu yaran ya cancanci kuɗin.

Ƙanƙanta tana da nata nauyin. Inda kowa ya san kowa, sirri ba ya kwana. Malaman sashe kaɗan ne, wanda kuka saɓa da shi a shekarar farko shi za ka sake tararwa a ta uku. Ɗakin karatu da wasanni da ƙungiyoyi ba za su kai na Tek ba, kamfanonin da suke zuwa neman ma'aikata ma sun fi zuwa inda taro yake. A ɗaya gefen, yajin aikin malaman jami'a na UTAG, irin wanda ya tsayar da karatu makonni a farkon 2022, jami'o'in gwamnati yake shafa. Mai karatu a jami'a mai zaman kanta ya fi sanin ranar da zai gama.

Sai maganar da take cikin zuciyar kowa, addini. Jami'ar Katolika ba ta ɓoye abin da take. Yaronka zai ga gicciye a bango, zai ga gunkin Maryam, zai ga fada cikin farar riga yana koyarwa ko yana riƙe da ofis, za a buɗe manyan taruka da addu'ar Kirista. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki ganin wannan kullum ba, kada a tilasta masa, kuma uban da ya ce shi bai yarda ba yana da hujjarsa. Amma yana da kyau a san abin da cocin da kanta ta rubuta. Babban taronta na Vatican ya bayyana a 1965 cewa tana kallon Musulmi da girmamawa. Dokar da Paparoma John Paul na biyu ya fitar a 1990 kan jami'o'in Katolika ta ce koyarwar cocin ta ratsa dukkan harkokin jami'a, amma a mutunta 'yancin imanin kowane mutum. A nan gida kuma, a 2019, Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Christ the King a Akra ranar Ista, lokacin cikarsa shekara 100, ya zauna aka karɓe shi da mutunci.

Duk da haka tsoron iyaye ba daga iska ya faɗo ba. Kowa ya tuna 2021, lokacin da maganar hana ɗaliba Musulma azumi a Wesley Girls ta Cape Coast ta tayar da ƙura a ƙasa baki ɗaya. Waccan makarantar Methodist ce, kuma sakandare ce ta kwana, inda yarinya take ƙarƙashin ƙararrawa daga tashi har barci, abincinta ma a hannun makaranta yake. Ɗalibin jami'a baligi ne, shi yake dafa abincinsa, shi yake riƙe da makullin ɗakinsa. Amma abin da aka rubuta a Roma daban, abin da wani shugaban sashe zai yi ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya daban. Shi ya sa ban yarda a yanke hukunci daga zaure a Aboabo ba, ko na amincewa ko na ƙi. A je a gani.

Wani maƙwabcinmu, mahauci ne, da 'yarsa ta samu gurbi a wata kwalejin mishan, ya yi abin da nake so kowane uba ya yi. Ya zaɓi ranar Juma'a, ya bar shago ga yaransa, ya isa da hantsi. Bai fara da ofis ba. Ya samu gindin bishiya kusa da ƙofa ya zauna yana duban masu wucewa, har ya hango wata yarinya da hijabi da littattafai a ƙirji. Ya yi mata sallama ta rusuna.

"'Yata, a ina kuke sallah a nan?"

"Baba, akwai ɗakin da muke yi can bayan azuzuwa. Juma'a kuwa maza sukan haɗa kuɗin mota su shiga gari."

"In darasi ya faɗo kan lokacin fa?"

"Wani malamin yakan sake mu, wani sai shugabanninmu sun je sun yi magana."

Ya tambaye ta azumi, ya tambaye ta ko an taɓa ce mata ta cire abin kanta, ya tambaye ta ko ana ɗaukar sunan waɗanda ba su je coci ba. Sai da ya gama da ita da wasu samari biyu, sannan ya shiga ofis ya maimaita tambayoyin, ya ce a ba shi littafin dokokin ɗalibai ya tafi da shi gida a karanta masa. Wanda zai je Fiapre ya yi haka. Ya nemi ɗalibai Musulmi da shugabanninsu, ya ji daga bakinsu, ya kuma ga doka a rubuce. Idan yarinya jinya za ta karanta, a tambayi maganar hijabi da yunifom musamman, har da asibitocin da ake tura su koyon aiki, domin yankin yana da asibitocin Katolika irin su Holy Family na Berekum da na Techiman da St. John of God na Duayaw Nkwanta, ga kuma babban asibitin gwamnati na Sunyani. A tambayi ko akwai darasin addini ko na ɗabi'a da yake dole, da abin da ake koyarwa a ciki.

A wannan fage Tek ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai masallaci a cikin makaranta, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA tana da ƙarfi, ana tafsiri, ana buɗa-baki tare, ga zangon Ayigya a bakin ƙofa. Yaron da yake son jama'ar sallah zai same ta sahu-sahu. Sai dai taron da ya ba shi wannan shi ne kuma yake ɓoye shi in ya so ɓacewa. Yaran da na ga sun yi sakaci da sallah a jami'a, cacar ƙwallo ta waya da yawon dare da abokan banza ne suka ja su, kuma waɗannan sun fi yawa inda babu mai lura. A ƙaramar makaranta da Musulmi ba su da yawa, in mutum ɗaya bai zo asuba ba, gurbinsa yana bayyana a sahu, za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ga kuma kaɗaici, wanda ba zan raina ba: tarawihi da mutum kaɗan, sahur kai kaɗai a ɗaki alhali abokin kwananka yana barci. Kiristocin Katolika dai sun san azumi, suna da nasu na kwana 40 kafin Ista, a 2025 ma ya haɗu da Ramadan, don haka mai azumi ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Akwai abin da iyaye ba sa faɗa da ƙarfi, shi ne aure. Tsoron da yawa ba na fada ba ne, na saurayin ajin ne. Wannan yana nan a Tek, yana nan a Fiapre, yana nan a Adum wurin aiki. Gaskiya ne inda Musulmi suka yi kaɗan, zaɓin yarinya a cikin nata ya ragu, kuma shekarun jami'a su ne shekarun da zuciya take karkata. Uwa ta zauna da 'yarta su yi wannan magana a fili kafin tafiya. Hana ta karatu ba ya rufe wannan ƙofar.

Kuɗi kuma sai an yi lissafin shekara huɗu, domin a nan ne gidaje suke faɗuwa. Kuɗin karatu a Tek ya fi sauƙi ga wanda ya shiga ta hanyar da aka saba, kuma tun 2025 gwamnatin Mahama ta ɗauki nauyin kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantun gwamnati. Jami'a mai zaman kanta ba ta cikin wannan. Rancen ɗalibai na SLTF, wanda yanzu da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ake nema ba sai da mai tsaya wa mutum ba, ya haɗa da makarantu masu zaman kansu da aka amince da su, amma ba ya isa ya rufe komai. Inda Tek take cizo shi ne masauki. Manyan ɗakunan kwananta shida, Katanga, Conti, Queens, Republic, Indece da Africa, sababbin shiga ake fifitawa a cikinsu. Daga shekara ta biyu sai hostel a Ayeduase, Kotei, Bomso ko Ayigya, kuɗin shekara a dunƙule, kuma sau da yawa ya fi kuɗin karatun kansa. Idan kuma gurbin masu biyan cikakken kuɗi Tek ta bayar, to a ɗora takardun biyu a kan tabarma a gwada, tazarar ba lallai ta kai yadda ake zato ba.

Ɗan Kumasi yana da mafita, ya zauna gida yana zuwa. Ana samun sauƙi sosai, amma ba kyauta ba ne. Ga kuɗin trotro da cunkoson hanya safe da yamma. Ga gidan haya mai ɗaki biyu da ƙanne shida da talabijin. Yarinya kuwa in tana gida, ita ce mai tuwo, ita ce mai taya Mma kwasar wake da shinkafa da asuba, ita ake aika gidan suna da gidan biki ranar Lahadi, ko da jarrabawa tana jiranta Litinin. Babu wanda yake nufinta da sharri, haka gida yake. Na ga 'yan mata masu ƙoƙari da sakamakonsu ya zube saboda wannan kaɗai. Ga irinsu nisan Sunyani alheri ne. Tafiyar ba ta wuce awa uku ba ta Abuakwa, Mankranso, Bechem da Duayaw Nkwanta. Za ta zo Sallah, za ta zo in an yi rasuwa, amma ba za a kira ta wanke-wanken walima ba.

Sunyani gari ne mai natsuwa, kuma Bono ƙasar noma ce, doya da rogo da agade da masara ba su kai tsadar Kumasi ba, musamman a kasuwar Laraba. Akwai zango, akwai masallatai, akwai mahautanmu, ga UENR, jami'ar makamashi da albarkatun ƙasa, da jami'ar fasaha ta Sunyani, don haka ɗalibai Musulmi a garin sun fi waɗanda suke cikin harabar Katolika kaɗai. Abin lura shi ne gidajen fufu, a tambayi naman da yake cikin miya, domin naman daji da na alade ba abin mamaki ba ne a can. Amma yaron da yake riƙe kansa da sana'a, mai sayar da waya a Adum ko mai zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai, ranar Asabar, in aka ɗauke shi daga Kumasi an yanke masa hanyar samu. Shi kam ya nemi gurbi a Tek, ko jami'ar fasaha ta Kumasi, ko jami'ar horar da sana'o'i ta Tanoso.

Da ni za a tambaya, wanda Tek ta ba fannin da yake so ya tafi Tek, musamman in gida ba shi da ƙarfi. Wanda aka ba fannin da ba ya so, ko aka bar shi a waje alhali ya cika sharaɗi, kuma abin da yake nema jinya ne ko akanta ko koyarwa ko kwamfuta, Fiapre ta cancanci kuɗin motar zuwa dubawa. Na fi ba da wannan shawara ga yaro mai kunya da yarinyar da aikin gida ya yi wa yawa, da sharaɗin sallarsu ta riga ta zauna tun a gida, kuma an san inda kuɗin shekara ta uku da ta huɗu zai fito. Adashi ɗaya yana biyan zangon farko ne kawai, wanda bai biya ba kuma ba ya shiga ɗakin jarrabawa. A kira kawunnai da 'yan'uwan da suke waje tun yanzu, kowa ya faɗi abin da zai ɗauka da watan da zai turo. Wanda kuma yake da D7, makin da yake ƙasa da C6, a Turanci ko lissafi, kada ya ɓata kuɗin fom a ko'ina cikin biyun, ya yi rajistar WASSCE ta masu sake zama, ta Nuwamba da Disamba, ya gyara darasin tukuna.